Ina da tsohuwar kwamfuta da ɗan kuɗi kaɗan, wace kyamarar bidiyo zan saya?

Wannan tambayar yanzu ta zama ruwan dare, tunda kowa ya shiga harkar bidiyo, wani YouTube yake so ya buɗe, wani ɗaukar biki da suna yake so ya fara don ya samu na cefane, wani kuma kwamitin masallacinsu ne suka ɗora masa ɗaukar tafsirin azumi. Kuma duk inda aka yi tambayar amsa biyu ake bayarwa, ko a ce "ka nemi mai 4K kawai" ko a ce "ai wayarka ma ta isa". Sai mutum ya tattara kuɗinsa ya je ya sayo, ya ɗauki bidiyo yana kallo a ɗan allon kyamarar tas-tas abin sha'awa, yana kwafewa cikin laftof sai labari ya canza, hoto yana tsalle, murya ta yi gaba ta bar bakin mai magana a baya, fankar kwamfuta tana ihu, ƙarshe manhajar editin ta rufe kanta. Daga nan sai a fara zargi, wani ya ce an sayar masa da jabu, wani ya ce kwamfutar ce ta mutu. A mafi yawan lokuta duka biyun lafiyarsu ƙalau, haɗin ne bai yi ba.

Abin da nake so mutane su gane shi ne, ba kyamara ake fara zaɓa ba. Kwamfutar da ke gabanka ita ce za ta gaya maka irin kyamarar da za ka iya saya, saboda duk abin da kyamara ta ɗauka fayil ne, kuma wannan fayil ɗin kwamfutarka ce za ta yi dakonsa.

Mene ne 1080p, mene ne 4K, kuma nawa ne nauyinsu?

Hoton bidiyo ɗige-ɗige ne ƙanana da ake kira fiksel. Wanda ake ce wa 1080p ko Full HD yana da fiksel 1920 a kwance 1080 a tsaye, wato kusan miliyan 2 a kowane firem (firem shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo). Shi kuwa 4K 3840 ne da 2160, sama da miliyan 8. Kaga kenan ba ninki biyu ba ne kamar yadda mutane da yawa ke zato, ninki huɗu ne, kuma a kowace daƙiƙa sai kwamfuta ta zana irin wannan hoton sau 25 ko 30, in ma a kan 50 ko 60 ka ɗauka toh aikin ya sake ninkuwa.

Sai maganar wuri. Kyamarar hannu da ke ɗauka a tsarin AVCHD (wani salon fayil ɗin bidiyo ne) a kan megabit 24 a daƙiƙa tana cin kusan giga 11 a awa ɗaya. Kyamara irin Panasonic G7 in ka sa ta a 4K megabit 100 take yi, wato giga 45 a awa. Yanzu ka lissafa biki guda, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina a ce ka tara awa huɗu, a 1080p giga arba'in da 'yan kai ne, a 4K kuwa giga 180. Mai laftof ɗin da had disk ɗinta gaba ɗaya giga 320 ne ko 500, biki biyu ko uku ya cika ta. Kuma in tashar USB ɗinka tsohuwa ce, wato 2.0, wadda a aikace ba ta wuce megabait 30 da ɗoriya a daƙiƙa, kwafe giga 180 kaɗai zai ci maka sama da awa ɗaya da rabi kafin ma ka fara yanka komai, ga nefa ba tabbas.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙarshenta ina bidiyon zai je? WhatsApp, Facebook, TikTok, ko a zuba wa amarya a filas. Duk waɗannan matse shi suke yi, kuma yawancin masu kallo a waya suke kallo da datar da suke tattali. YouTube da kansa megabit 8 yake ba da shawara a loda 1080p na yau da kullum. Ka sha wahalar giga 180 don a kalla a allon da bai kai tafin hannu biyu ba.

Kodek: nan ne ainihin inda ake faɗawa rami

Wannan shi ne ɓangaren da masu shago ba sa bayani, wasu ma ba su san shi ba. Kodek shi ne salon da kyamara ke bi ta matse bidiyo don ya shiga memori. Guda biyu ne suka cika kasuwa, H.264 wanda ya fito a 2003, da H.265 wanda ake kuma kira HEVC da ya fito a 2013. Shi na biyun ya fi iya matsewa, zai ba ka hoto mai kyau iri ɗaya a wuri kusan rabi, shi ya sa kamfanoni ke sonsa. Amma kamar ƙullin kaya ne, iya yadda aka ɗaure shi tamau iya wahalar da mai kwancewa zai sha, kuma mai kwancewar nan ita ce kwamfutarka.

Yadda abin yake, waɗannan kodek ɗin ba sa ajiye kowane firem cikakke. Za su ajiye guda ɗaya cikakke, sannan na bayansa sai su rubuta abin da ya canza kawai. In kallo kake yi daga farko zuwa ƙarshe ba laifi, amma mai editin gaba da baya yake yi, yana tsayawa a tsakiya yana yanka, toh duk inda ka ɗora linzami sai kwamfuta ta koma baya ta nemo cikakken firem ɗin ta sake gina duk na tsakani kafin ta nuna maka. Shi ya sa za ka ga bidiyo yana tafiya lafiya a manhajar kallo irin VLC amma da ka sa shi a manhajar editin irin Premiere ko Vegas sai ya fara sarƙewa.

Abin da ke ceton kwamfuta shi ne wani ɗan sashe a cikin firosesa da aka gina musamman don kwance bidiyo. Intel sun sa masa suna Quick Sync, ya fara zuwa ne a jenareshon na 2 na firosesocinsu a 2011, kuma H.264 ya iya. Bai fara iya H.265 sosai ba sai a jenareshon na 6 da ya fito a 2015, shi ma mai bit 8 kawai, mai bit 10 (wanda ya fi riƙe launuka da yawa) sai a na 7. Ma'ana in kwamfutarka ta girmi 2015 ka ba ta H.265, da ƙarfin tsiya za ta yi aikin, ta yi zafi, ta ci batir, kuma duk da haka ba za ta yi daidai ba. Ga shi Windows ma sau da yawa ba ya buɗe irin wannan fayil ɗin sai ka sauke wani ƙari daga shagon Microsoft.

Don haka 1080p mai H.265 na iya wahalar da tsohuwar kwamfuta fiye da yadda kake zato, shi ya sa tambayar "wane kodek take ɗauka" ta fi "fiksel nawa ce" muhimmanci.

Yadda za ka gane shekarun kwamfutarka

Kalmar "core i5" ko "core i7" ita kaɗai ba ta gaya maka komai, kuma da ita ake yaudarar mutane a kasuwa. i7 ta 2012 ba ta kai i5 ta 2018 ba a harkar bidiyo. Ka danna dama a kan This PC ka shiga Properties, za ka ga lamba a gaban sunan. In ka ga i5-2520M jenareshon na 2 ce, i5-3320M na 3, i5-4300U na 4, i5-6300U na 6, i5-8250U na 8. A irin waɗannan da na lissafa, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce amsar.

Yawancin tokumbon da ke hannun mutane, waɗanda ake samu a Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja ko Banex a Abuja, a nan tsakani suke. HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420 da ThinkPad T420 duk na 2 ne, 8470p da T430 na 3, EliteBook 840 G1 na 4, 840 G3 kuma na 6. Daga na 2 zuwa na 5, ka tsaya a 1080p mai H.264 shikenan, kuma za ka yi aiki lafiya in ram ɗinka ya kai giga 8. Na 6 da na 7 za su iya buɗe H.265 amma editin 4K zai ci gaba da ba su wahala musamman masu harafin U a ƙarshe, waɗanda don tattalin batir aka yi su. In kuwa Core 2 Duo ce ko Celeron ko Pentium, gaskiya 720p ne daidai da ita, ko kuma ka raba kuɗin kyamarar ka fara canza kwamfuta.

Akwai kuma batun Windows 10 da Microsoft suka daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoban 2025, ga Windows 11 a hukumance daga jenareshon na 8 yake farawa. Kwamfutarka ba za ta daina aiki ba, amma sabbin manhajojin editin za su riƙa barinta a baya a hankali, toh kar ka sayi kyamarar da fayil ɗinta sai sabuwar manhaja ke iya buɗewa.

Abin da ke kasuwa a kuɗi kaɗan

Na farko waɗanda zan roƙe ka don Allah ka guje musu: kyamarorin nan marasa sunan kamfani ko masu wani baƙon suna, sababbi fil a kwali, an rubuta 4K da 48MP ɓaro-ɓaro, har da makirfo da rimot da jaka kyauta, a farashin da bai kai na ƙaramar waya ba. Idon da ke cikinsu ƙarami ne irin na tsohuwar waya, hoton ƙarami suke ɗauka su buɗa shi da manhaja ya zama babba, sai ka samu fayil mai nauyin 4K da hoton da bai kai 720p na gaskiya ba. Zum ɗinsu ma ba na gilashi ba ne, yanko hoto ne kawai ake yi. Da dare ko cikin ɗaki kuwa sai dai ka ga yashi-yashi. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu a nan saboda kwalin ya yi kyau.

Na biyu kyamarar hannu ta kamfanonin gaske, Sony, Panasonic, Canon, tokumbo ko sabuwa. Irin su Sony CX405 da Panasonic V770, ko manyan na kafaɗa irin Sony MC2500 da masu ɗaukar biki suka saba da su. Tsarin AVCHD da Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006 a kan H.264 yake, don haka tsohuwar kwamfuta ta san shi. Amfaninsu a fili yake, za su yi awa biyu uku suna ɗauka ba tsayawa in akwai wuta, zum ɗinsu na gilashi ne mai nisa (CX405 ninki 30 take yi), suna kamo fuska da kansu. Mai ɗaukar wa'azi, taron siyasa, walimar makaranta ko wasan ƙwallon unguwa, wannan ce tasa. Rauninsu shi ne duhu, ƙananan ba sa son ƙarancin haske ko kaɗan.

Na uku kyamarar hoto mai canza gilashi, irin Canon 600D ta 2011 da 700D ta 2013, ko Nikon D3300. Su ne ke ba da hoton nan da baya ke dushewa fuska ta fito, kuma sun fi haƙuri da duhu. Fayil ɗinsu H.264 ne 1080p. Amma ka san abin da za ka tarar: 600D in fayil ya kai giga 4 tsayawa take yi, wato kusan minti 12 kenan, sannan ba ta bin mutum da fokas da kanta yayin ɗauka, kai za ka murɗa da hannu. 700D ta fi ta a nan amma ita ma ba ta wuce minti 29 da daƙiƙa 59. Ga mai zama gaban kyamara yana bayani, ko mai shirya gajerun wasanni ana yi ana yankewa, babu matsala. Ga mai tafsirin awa ɗaya da rabi kuwa babbar matsala ce, malam na tsakiyar aya kyamara ta tsaya.

Akwai kuma tsofaffin masu kaset na MiniDV da har yanzu ake gani a arha. Fayil ɗinsu ba ya wahalar da kwamfuta ko kaɗan, amma sai da tashar FireWire, wata tasha daban da USB, ake kwafewa, awa ɗaya na kaset awa ɗaya na jira, kaset ɗin ma ya yi wuyar samu, kuma wayar nan ta arha da ake cewa tana mayar da FireWire zuwa USB ba ta aiki. Ka bar su.

Wutarmu 50 ce, ta Amurka 60

Wannan ƙaramin abu ne da ke ɓata aiki babba. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar da Ghana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, irin ta Turai, ta Amurka kuwa 60. Kyamarar da aka yi don kasuwar Amurka firem 30 ko 60 take ɗauka, in ka shiga da ita zauren biki mai fitilun fuloresan ko LED masu arha sai ka ga hoto yana ƙyaftawa ko wasu layuka suna gangarowa. Kyamarorin Canon masu canza gilashi za ka iya shiga saitin ka mayar da su PAL, wato tsarin da ya dace da wutarmu, su koma 25 da 50, amma ƙananan kyamarorin hannu da yawa a kulle suke da yankin da aka yi su dominsa, kuma tokumbo da yawa daga Amurka suke zuwa. Ka duba menu kafin ka biya, in ka ga 25p ko 50i ko 50p tamu ce (lambar adadin hotuna ne a daƙiƙa, p cikakken firem, i kuma rabi-rabi). Ga tsohuwar kwamfuta 25p ya fi sauƙi, 50p ninki biyu ne na aiki, shi kuma 50i yakan bar wasu zane-zane kamar haƙoran mataji a gefen abu mai motsi sai an gyara a editin.

Masu cewa waya ta isa, da masu cewa a sayi 4K saboda gobe

Masu maganar waya suna da gaskiya fiye da yadda masu kyamara ke so su yarda. Waya mai matsakaicin kuɗi ta yanzu da rana ta fi ƙaramar kyamarar hannu ta shekara goma baya kyan hoto, kuma ta fi waccan jabun 4K ɗin nesa ba kusa ba. In gajerun bidiyo kake yi kana editin a CapCut cikin wayar, ba ka ma buƙatar kwamfutar. Matsalar tana farawa ne in za ka kai fayil ɗin tsohuwar laftof. iPhone tun iOS 11 a 2017 H.265 take ɗauka in ba ka canza ba, sai ka shiga Settings, Camera, Formats ka zaɓi Most Compatible, wayoyin Android da yawa ma suna da irin wannan maɓallin a saitin kyamara. Sannan waya ba ta riƙe adadin firem daidai, takan rage ta ƙara gwargwadon haske, wannan ne ke sa murya da baki su rabu a doguwar ɗauka. Ƙari da zafi, ka sa waya ta yi minti arba'in tana ɗauka a ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ka ga yadda za ta yi, ga kira na iya shigowa a tsakiya.

Masu cewa a sayi 4K saboda gaba su ma ba shirme suke ba, in kyamarar ta gaske ce. G7 ɗin da na ambata tana ɗaukar 1080p mai kyau, ka yi amfani da shi yanzu, ranar da Allah ya hore sabuwar kwamfuta ka kunna 4K. Inda na saɓa da su shi ne in kuɗin 4K ɗin zai cinye na makirfo da fitila da tirayfod da batir na biyu. Wanda ya sayi kyamara tsirara ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, bidiyonsa zai fi muni a kan na wanda ya sayi mai arha ya haɗa kayanta.

Murya

Mutane za su haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba wanda zai zauna minti biyu yana jin ƙarar janareta da iska sun danne maganar malam. Don haka ka juya kyamarar ka nemi ramin makirfo, ƙaramin nan na 3.5mm, sau da yawa ja ne ko an rubuta MIC. CX405 ba ta da shi, Sony a6000 ba ta da shi, Canon 1300D da 2000D da 4000D ba su da shi, Nikon D3400 ma an cire duk da cewa D3300 da ta girme ta tana da shi. 600D da 700D da V770 suna da shi. Ɗan makirfon maƙalawa a riga irin Boya BY-M1 ba shi da tsada kuma yana canza aiki gaba ɗaya. In kyamarar da ka samu ba ta da ramin, sai ka ɗauki murya daban a waya ka tafa hannu sau ɗaya a farko don ka samu inda za ka haɗa su, yana yi, amma ƙarin aiki ne kullum.

In ka riga ka saya, ko kana so ka taimaki kwamfutar

Kafin ka yi tunanin sayar da komai, shiga saitin kyamarar ka sauke ta zuwa 1080p, 25p, H.264 ko MP4 ko AVCHD. Fayilolin da ka riga ka ɗauka kuma manhajar HandBrake kyauta ce, za ta juya maka su zuwa H.264 ta kuma daidaita firem ɗin in ka zaɓi Constant Framerate, ka bar ta ta kwana tana yi in akwai wuta. Akwai kuma dabarar firoksi, manhaja ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi yanke-yankenka a kansu, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Premiere na da shi, Shotcut da Kdenlive ma suna da shi kuma su kyauta ne ba sai ka nemi kirak mai ɗauke da bairos ba. DaVinci Resolve duk da akwai na kyauta ba na tsohuwar laftof ba ne, yana son ram giga 16 da katin hoto mai ƙarfi.

A ɓangaren kwamfutar, abu biyu ne kuɗinsu ke fitowa: cire had disk mai juyawa a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, da ƙara ram daga 4 zuwa 8, ko 16 in tana ɗauka. Sai ka kai ta a buɗe a busa ƙurar da ta toshe fanka a canza man firosesa, domin laftof ɗin da ta sha hunturu uku huɗu ba a buɗe ta ba tana rage gudunta da kanta saboda zafi, mai ita yana ta zargin kyamara.

Memori kuma ka kula, jabu ya yi yawa, a rubuta giga 128 alhali na ciki bai kai ba, sai an gama biki ka tarar rabin fayilolin ba sa buɗewa, kuma biki ba a maimaita shi. Ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ka fita aiki da shi. Ga 1080p na yau da kullum memori mai alamar gudu Class 10 a jikinsa ya wadatar, 4K kuwa sai mai alamar U3 ko V30. Tsofaffin kyamarori wasu ba sa karɓar abin da ya wuce giga 32, don daga 64 zuwa sama wani tsari ne daban da ake kira SDXC.

Ranar da za ka je saye

Ka tafi da laftof ɗinka a jaka, da cajinta cike, da memorinka. Ka ce wa mai shago zai yi haƙuri ka ɗauki minti biyar, rabi a waje cikin rana rabi a cikin shago ƙarƙashin fitila, kana magana kana motsa kyamarar kana zum. Ka cire memorin ka sa a laftof a gabansa, kar ka tsaya a kallo kawai, ka jefa fayil ɗin cikin manhajar da za ka riƙa editin da ita, ka ja gaba ka ja baya, ka yanka wuri biyu uku, ka fitar da minti ɗaya ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka. In tokumbo ce ka haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai fumfuna ko ƙura, ka bar ta tana ɗauka minti goma sha biyar ka ga ko za ta yi zafi ta mutu ko batirin zai faɗi, ka tambaya ko ana samun batirinta da cajarta a kasuwa, ka soka makirfo a ramin ka tabbatar yana ɗauka. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, ka yi masa godiya ka shiga shago na gaba.